Kafin Ranar Rabo: Yadda Za Ka Nema wa Tsoho da Mai Buƙata ta Musamman Haƙƙinsa a Ƙaramar Hukuma

Da zarar an ji cewa motar shinkafa ta shiga sakatariya, ko an ce za a raba kekunan guragu, sai ka ga mutane sun ɗebo tsofaffinsu da makafinsu tun da sassafe, wasu a A-daidaita-sahu, wasu a goye, an jera su a gindin katanga. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, can sai wani ya fito da takarda ya karanta sunaye, ya ce saura a yi haƙuri. A koma gida da yunwa da bashin kuɗin mota. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, ranar rabo ba ranar neman shiga ba ce. Sunayen nan an gama rubuta su makonni, wani lokaci watanni, kafin motar ta iso.

Shawarar yau ta mai ɗawainiya ce: ɗan da ke jinyar mahaifin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, matar da mijinta ya makance, ƙanin da ke tura keken yayansa, da maƙwabcin da ya san tsohuwar da ke bayan gidansa ba ta da kowa. Aikin da ke gabanka guda ne, ka sa sunan mutumin nan ya shiga takardun da ake dubawa tun babu labarin rabo, sannan ka bi sawu har abin ya isa hannunsa.

Da farko ka cire wa ranka cewa roƙo za ka je. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da walwalar naƙasassu cikin abubuwan da ya kamata gwamnati ta sa a gaba. Jadawali na huɗu na kundin kuma, inda aka jero ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu samar da gidajen gajiyayyu da kula da su, ya kuma ba su kaso a harkar lafiya da ilimin manya da koyar da sana'a. Amma ba zan ɓoye maka ba, sashe na 16 yana cikin babin da kotu ba ta tilasta wa gwamnati aiwatar da shi, kuma har yau Najeriya ba ta da wani alawus na wata-wata da ake bai wa kowane tsoho don kawai ya tsufa. Abin da ake da shi shirye-shirye ne a warwatse. Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido. Ekiti ta fara bai wa tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata a 2011. Irin waɗannan shirye-shirye suna rayuwa ko su mutu gwargwadon ra'ayin gwamnan da ke kai. Su kansu ƙananan hukumomi 774 da muke da su, da yawansu albashi ke lashe abin da ke shigo musu, duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

To me ya sa nake tura ka sakatariya? Saboda ko kuɗin daga Abuja ya fito, ko daga gidan gwamnati, ko daga wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje, idan an zo neman sunaye ta ƙaramar hukuma da mazaɓa ake bi. Ciyaman ba lallai ne yana da abin da zai ba ka daga lalitarsa ba, amma ta ofishinsa takardar ke wucewa.

Kafin ka taka ƙofar kowa, gyara takardu. Lambar NIN ita ce ta farko, don kusan duk wani tallafi na gwamnati yanzu da ita ake tantancewa, kuma yin rajistarta ta farko kyauta ne a ofishin NIMC. A nan ake yawan shan wahala da tsofaffi. Yatsun da suka shekara saba'in suna riƙon fartanya ko surfe zanensu ya shafe, a ɗora a kan na'ura ta ƙi ɗauka, a goge, a sake ɗorawa, Baba ya gaji ya ce a mai da shi gida. Kada ka yarda a sallame ku da “ta ƙi”. Tsarin rajistar yana da wurin da ake nuna cewa yatsa babu ko bai kamu ba, kuma ta nan ake yi wa wanda kuturta ko haɗari ya raba da yatsunsa. Ka nemi ganin shugaban ofishin cikin ladabi ka tambaye shi wannan. Ku je da sassafe, ka ɗauki ruwa da tabarma, idan da hali ka fara zuwa kai kaɗai ka ji ranar da ba a cika cunkoso ba.

Sai maganar suna da shekaru, wadda ta hana mutane da yawa abin da ya riga ya zama nasu. A NIN an rubuta Hauwa'u Muhammad, a banki Hauwa Mamman, layin waya kuma da sunan jikanta aka yi rajistarsa. A wurinmu duk mutum ɗaya ce, amma kwamfuta mutum uku take gani. Ka zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya, ka sa ya zama shi ne a NIN da BVN da layin waya da katin asibiti. Idan ba a san ranar haihuwa ba, a zauna da manyan gida a kintata da wani abu da kowa ya tuna, kamar ko an haife shi kafin samun mulkin kai a 1960, ko yana da wayo lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, sannan a yi takardar rantsuwa a kotu a tsaya a kanta. Kada wani ya ba ka shawarar ƙara wa tsoho shekaru ko rage masa don wani rabo na yau. Wani shirin daga shekara 60 yake farawa, wani 65, dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa kuma daga 70 take lissafi. Ƙaryar da ta shigar da shi wannan za ta fitar da shi daga wancan, gyaran ranar haihuwa a NIN kuwa kuɗi ne mai yawa da jeka-ka-dawo.

Ga mai naƙasa, a haɗa da takardar likita daga asibitin gwamnati, wadda ta faɗi lalurar a fili, da hatimi da sa hannu. A ƙara da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma da hotuna ƙanana. Ka yi kwafin kowace da yawa, ka ɗauki hotonsu a waya, ka zuba na ainihin a leda ka adana. Takardar ainihi ana nuna ta ne, ba a barin ta a ofishin kowa.

Ƙofar farko ta mai unguwa ce. Ka same shi a zaurensa bayan la'asar, ba a kan hanya ba. Ka gaishe shi yadda ya dace, ka ce: “Ranka ya daɗe, na zo ne kan maganar Iya. Ka san halin da take ciki tun da ta faɗi. Ina roƙon idan an zo neman sunayen gajiyayyu a tuna da ita, kuma a taimaka mini da takardar shaida.” Masu unguwanni da dagatai su ake fara tambaya idan hukumar zakka ko jami'an rajista ko masu aikin ido kyauta suka shigo gari. Wanda mai unguwa ya je ya gani da idonsa a kwance ya fi wanda aka ba shi labari, don haka ka gayyace shi ya leƙo ya duba ta. Kansilan mazaɓarku ma a sanar da shi, amma kada ka jingina komai a kansa, domin kansila na sauka, mai unguwa na nan.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda 'yan boko da masu rufin asiri suka fi ƙyamata, alhali ta fi kowace aiki, wato ƙungiyoyin masu lalurar da kansu. A garuruwanmu akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, mai rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, wadda ta tattaro makafi da kurame da guragu da zabiya da waɗanda suka yi fama da kuturta da masu raunin laka. Idan hukuma ta tashi raba keke hamsin, ba gida-gida take bi ba, shugabannin nan take kira ta ce su kawo suna. Na sha ganin iyali sun ɓoye ɗansu gurgu a ƙuryar ɗaki suna cewa “mu ba mabarata ba ne”. Shiga ƙungiya ba bara ba ce. A can zai ji labarin gurbin koyon sana'a da na karatu, ya san wanda ke gyaran keke da araha, ya haɗu da waɗanda suka riga shi shiga wannan hali suka kuma yi aure suka riƙe gida. Wannan kaɗai ya isa dalili, ko ba a raba ko allura ba.

Sannan sakatariya. Sunan sashen ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a wani wuri yana haɗe da sashen ilimi, a wani wuri da na raya karkara, amma idan ka ce ofishin walwala da jin daɗin jama'a kake nema, masinja zai nuna maka. Kada ka je da baki kawai. Magana tana bin iska, jami'in da ya yi maka alkawari yau gobe an canja masa wurin aiki. Ka je da wasiƙa gajera, ko da Hausa ce, mai buƙata ɗaya tak. Misali:

“Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun Shugaban Sashen Walwala. Ina roƙon a taimaka wa mahaifiyata, wance 'yar wane, mai shekara 74, da ke unguwa kaza a mazaɓa kaza, da keken guragu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye tun bara, ba ta iya zuwa banɗaki sai an ɗauke ta. Ga kwafin takardar likita da ta mai unguwa da NIN ɗinta a haɗe. Ga lambar wayata.”

Iyakarta ke nan. Wasiƙar da ta nemi keke da jari da gyaran ɗaki da kuɗin makarantar jikoki a lokaci guda, babu teburin da zai ce tasa ce. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, ka sa a buga wa ɗayar hatimi da kwanan wata ka dawo da ita gida. Wannan kwafin mai hatimi shi ne hujjarka nan gaba. Ka tambayi sunan jami'in da za a tura wa, ka riƙa leƙawa duk bayan mako biyu ko uku, da fara'a, ba da faɗa ba. Ma'aikacin walwala sau da yawa shi ma ba a ba shi ko kuɗin man babur ba, idan ka mai da shi abokin gaba ka rufe wa kanka ƙofa.

Lokaci ma yana da tasiri. Ana tsara kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, rabe-rabe kuma sun fi yawa gab da azumi, da kewayen 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, da 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman. Wasiƙar da ta shiga wata biyu kafin waɗannan ranaku ta fi wadda ta shiga ana gobe.

Tun da maganar keke ta zo, ka faɗi irin wanda ake buƙata. Keken asibiti mai ƙananan tayoyi a gaba ba ya tafiya a lungu mai rairayi da kwata, a tsakar gida zai ƙare ana shanya a kansa. Saurayi mai ƙarfin hannu da ke son zuwa kasuwa ko makaranta, mai taya uku da ake tuƙawa da hannu ya fi masa. Wanda kuma ba ya jin ƙasan jikinsa, dole a haɗa masa da katifar zama mai kyau, a riƙa juya shi, a duba bayansa da ɗuwawunsa kullum, don gyambon kwanciya yana farawa ne da ɗan ja a fata, kafin a farga ya zama rami.

Yanzu ga inda nake ganin ya fi cancanta ka zuba ƙarfinka, wato lafiya, domin kuɗin magani shi ke karya gidan da ke da tsoho. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ana zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kusan rabinsa ta hanyar inshora yake bi don a biya wa marasa ƙarfi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci waɗanda ake nufi da masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da matalauta. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi ke yin rajistar, kamar KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa da SOCHEMA a Sakkwato. Tsarin shi ne a zaɓi asibitin sha-ka-tafi guda a kowace mazaɓa a ɗora shirin a kansa.

Abin yi a nan shi ne ka gano wane asibiti ne aka zaɓa a mazaɓarku, ka je wurin shugabansa ka tambaya: “Ana rajistar marasa ƙarfi a nan? Yaushe za a sake buɗewa? Wa ke tattara sunaye?” Gurabe ƙayyadaddu ne, ba kullum ake yi ba, shi ya sa ya kamata shugaban asibitin da shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda ke sa ido a kan asibitin, su san da zaman mutuminka tun kafin a buɗe. Idan ya samu shiga, za a ba shi kati ko lamba, ya riƙa ganin ma'aikacin lafiya yana karɓar maganin cututtukan yau da kullum a wannan asibitin ba tare da biya ba. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta takardar tura shi babban asibiti. Kada ka tsallake su ka wuce babban asibiti kai tsaye, sai dai in gaggawa ce, don in babu takardar turawa da aljihunka za ka biya. Idan kuma an ce maganin ya ƙare ka saya a waje, kuma abin ya zama kullum, ka kai ƙorafi ofishin hukumar da ta ba da katin, domin an riga an biya wa mutuminka.

Akwai abubuwan da kyauta ne ko babu kati. Maganin tarin tibi kyauta ne, na kuturta ma haka, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke kula da waɗannan cututtuka biyu a sashen lafiya. Tsohon da ya shafe mako biyu yana tari, ko wanda ya ga fari-farin tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi, a kai shi a gwada. Kuma ina roƙon a daina cewa “tsufa ne” ga duk idon da ya dushe. Yanar ido ana cire ta da aiki na ɗan lokaci mutum ya koma yana karanta Alƙur'aninsa. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga kuma aikin ido kyauta da ake kawowa ƙananan hukumomi lokaci-lokaci. A guji masu kwantar da yana da allura a kasuwa, sun makantar da mutane da yawa. Mai buƙatar ƙafar roba ya nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, mai matsalar ji akwai Cibiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya akwai sashen walwala da ke duba halin marar lafiyar da ya kasa biya, a rage masa ko a haɗa shi da masu taimako. Ba sa yawo suna shela, sai ka tambaya.

Game da tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya, daga Rajistar Marasa Ƙarfi ta Ƙasa ake ɗebo sunaye. Da ita aka biya naira 5,000 a wata a zamanin Shugaba Buhari, da ita kuma aka tsara biyan naira 25,000 sau uku da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Ba fom ake saya a shiga ba. Jami'ai daga ƙaramar hukuma ke zuwa gari, su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi gidajen da suka fi talauci, a haɗa sunayen, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida. Ka ga matsalar: wanda ke kwance ba ya zuwa taro, kurma bai ji shela ba, tsohuwar da ba ta da ɗa namiji babu mai ɗaga mata hannu. Idan ka ji za a yi irin wannan zama, ka je, ka ambaci sunansu da bakinka. Idan an riga an yi an tsallake su, akwai jami'in karɓar ƙorafi na shirin a sakatariya. Ka sani kuma, shiga rajista ba ya nufin za a biya a wannan zagayen.

Mai naƙasa yana da wata doka tasa da ya kamata ya san abin da ke ciki, wato dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce a ba shi fifiko a layi, ta ba shi ilimi kyauta har sakandare, ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba mai lalurar ƙwaƙwalwa magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta kuma haramta amfani da mai naƙasa wajen bara. Wanda ya nuna masa bambanci tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuma naira miliyan 1. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su samar da hanyar da keke zai hau, wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu akwai sakatariyoyin da sai an ɗauki gurgu cak kafin ya ga jami'in da aka ajiye dominsa. Wannan abin kunya ne, kuma gyaransa bai wuce 'yan buhunan siminti ba. Hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa da aka kafa a 2020 ita ke da alhakin ba da takardar shaidar naƙasa, jihohi irin su Filato da Bauchi da Jigawa da Kano da Kaduna kuma suna da nasu dokokin. Shugabannin ƙungiyarku za su gaya maka inda ake yin rajista a jiharku.

Kada a manta da zakka. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara suna da nasu hukumomin zakka da waƙafi, a Jigawa kuma kwamitocin masarautu ke tattarawa su raba a gundumomi. Su ma ta hannun hakimai da dagatai da limamai suke karɓar suna. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ko malamin firamare mai karɓar fansho kuwa, babban abin kiyayewa shi ne tantancewa. Idan ba zai iya zuwa ba saboda ciwo, a rubuta wa hukumar fansho tun kafin ranar, da takardar likita, a nemi a zo a gan shi a gida, kada a wayi gari an cire sunansa a matsayin wanda ya rasu.

Akwai magana mai ɗaci da dole in faɗa. Ba duk ɓarayin haƙƙin tsofaffi ne ke zaune a ofis ba, wasu a cikin gida suke kwana. Katin ATM na kaka yana aljihun jika, layin da alat ke shigowa yana wayarsa, ya je wurin mai POS ya cire dubu ashirin da biyar ya kawo mata biyar ya ce abin da aka turo ke nan, ita kuma ta yi ta sa masa albarka. Wannan cin dukiyar mai rauni ne, ko da wane suna aka kira shi. A bar kati da layi a hannun mai su. Idan ba ta iya riƙewa, iyali su zauna su wakilta mutum ɗaya a gaban shaidu, a sami littafi ana rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Daga waje kuma, duk wanda ya ce a kawo dubu biyu “kuɗin fom”, ko ya bugo waya ya ce daga Abuja yake a karanto masa lambar sirri ko lambar da ta shigo ta saƙo, ɗan damfara ne. Haka wanda ya ce zai sa suna amma a raba biyu da shi.

Idan an zalunce ku, a bi mataki-mataki: shugaban sashe, sannan ciyaman a rubuce, sannan Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar ko kwabo. Dokarta ta ce a kawo ƙorafi cikin wata 12 da faruwar abin, don haka kada a yi ta jinkiri. Maganar cin hanci ta ICPC ce, ta cin zarafi kuma ta Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a. A duk waɗannan wurare, kwafin nan mai hatimi shi za a fara tambayarka.

Ofishin walwala ba na rabo kaɗai ba ne. Idan ka san tsohon da 'ya'yansa masu hali suka yi watsi da shi, ko tsohuwar da gigin tsufa ya sa take sambatu har aka fara jifanta da maita, ko mai taɓin hankali da aka ɗaure da mari a ɗaki, ka sanar da mai unguwa da jami'in walwala. Suna iya kiran dangi a zauna, a jihohin da ke da Hisba ita ma tana shiga irin wannan, kuma alƙalin kotun shari'a yana iya tilasta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa matalauta. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, taɓin hankali ma ana maganinsa a asibitoci irin na Dawanau da Kware da Barnawa da Maiduguri. Gidan gajiyayyu, irin na Shahuci a Kano, yana nan don wanda ba shi da kowa, kuma ta hannun jami'an walwala ake shiga, amma irin waɗannan gidaje kaɗan ne ƙwarai, ba za su ɗauke wa dangi nauyinsu ba.

A duk wannan zirga-zirga, a riƙa shawara da mai abin. Makaho ba kurma ba ne, gurgu ba yaro ba ne. Idan kun shiga ofis, ka bar shi ya yi bayani da bakinsa, kai ka cike inda ya rage. Kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook da sunan neman taimako sai da yardarsa.

Mai karatu, a cikin makon nan ka ɗauko takardun tsohon da ke gidanku ko maƙwabtanku ka duba ko sunan da ke NIN ya yi daidai da na banki da na layin waya. Idan ka gama, ka wuce asibitin mazaɓarku ka tambayi yaushe za a buɗe rajistar marasa ƙarfi, ka bar musu sunansa da lambar wayarka.